Ƙwallon Kwando: Sharhi a Kan Zagayen Ƙarshe da Rabon Mintoci Tsakanin 'Yan Wasa

Tun da wayar hannu ta sa samarin Daura da na ƙauyukanta suna iya kallon gutsattsarin wasannin da aka yi a Amurka cikin dare, su wayi gari suna muhawara a kansu a majalisa, ƙwallon kwando ya sami masu sha'awa a inda a da ba a san komai ba sai ƙwallon ƙafa da dambe da kokawa. Amma da yake galibin masu kallon nan da mizanin ƙwallon ƙafa suke auna abin da suka gani, mas'aloli biyu sun rikita su. Ta farko, yaya za a ce ƙungiya ta gama kaka tana bisa kowa a teburi, sa'an nan a ce ba ita ce zakara ba? Ta biyu, me ya sa mai horarwa zai fitar da gwanin 'yan wasansa alhali bai ji ciwo ba, bai yi laifi ba, wasa kuma yana tsakiyar zafi? Mas'alolin nan biyu asalinsu ɗaya ne, kuma wanda ya warware su zai iya yi wa ƙungiya irin Kano Pillars, wadda ita ce babbar ƙungiya mafi kusa da mu, hukunci na adalci in ana maganar ko za ta kai labari.

Ma'anar kalmomi

Kakar wasa ita ce tsawon lokacin da ƙungiyoyi ke karawa da juna ana tara musu nasarori a teburi. Zagayen ƙarshe kuwa, wanda masu sharhi ke kira fileyof da lafazin aro, gasa ce ta biyu da ake shiryawa bayan kaka ta ƙare, ba mai shigarta sai waɗanda suka fi ƙoƙari, kuma a cikinta ne ake fitar da zakara ta hanyar kifar da wanda aka rinjaya. Iri biyu ne. Akwai sili-ɗaya-ƙwale, watau karo ɗaya tak, wanda ya faɗi ya tafi gida. Akwai kuma jerin karo, inda ƙungiyoyi biyu za su yi ta haɗuwa har ɗaya ta riga cin adadin da aka sharɗanta, kamar wasa 4 cikin 7.

Abin da muka kira karɓa-karɓa shi ne tsarin da mai horarwa, wato koci, yake bi wajen shigar da 'yan wasa da fitar da su: wa zai fara, wa zai karɓe shi, a wane minti, kuma da wa za a haɗa shi. Benci shi ne mazaunin waɗanda ba su cikin fili, daga nan ne aka ari sunan aka ba mutanen da kansu. Kwata kuwa rubu'in wasa ne, domin kashi huɗu ake raba shi.

Asalin al'amarin

Wani malamin motsa jiki, James Naismith, shi ya ƙago wasan a 1891 a garin Springfield na Amurka, don ɗalibansa su sami abin yi a cikin ɗaki lokacin hunturu. A yau dokoki biyu ne suka shahara. Dokar hukumar duniya, FIBA, wadda ake bi a Nijeriya da Nijar da sauran Afirka, ta ƙayyade wasa minti 40, kowace kwata minti 10, kuma wanda ya yi keta sau 5 ya fita ke nan ba dawowa. Dokar gasar NBA ta Amurka ta sa minti 48, keta kuma sau 6. A dukansu mutum 5 ne daga kowane ɓangare a cikin fili, dole ƙungiya ta jefa ƙwallo ga kwando kafin daƙiƙa 24 su cika, kuma, wannan shi ne rukunin maganar, ba a iyakance canji ba: wanda ya fita yana iya komawa sau nawa aka ga dama.

A nan ne ƙiyasi da ƙwallon ƙafa ya ɓaci. A can wanda aka cire ya gama nasa na ranar, shi ya sa cirewa ke kama da hukunci, har wani ya fita yana ɓata rai. A nan kuwa fili ƙarami ne, mita 28 a tsawo da 15 a faɗi, amma ba tsayawa a cikinsa. Mutanen da suka kai hari su ne za su juyo da gudu su tsare gida, ga tsalle, ga turereniya a ƙarƙashin kwando. Mutanen ƙasar Katsina, inda Sarki Muhammadu Dikko ya kafa ƙwallon dawaki kuma ɗansa Usman Nagogo ya shahara da shi, sun fi kowa saurin fahimtar wannan, domin sun san ana sauya doki bayan 'yan mintoci, ba don dokin ya gaza ba, sai don a same shi da ƙarfinsa sa'ad da za a sake bukatarsa.

Lissafin minti 200

In mutum 5 za su kasance a fili har minti 40, to koci yana da minti 200 a hannunsa, yana kuma da mutum 12 da aka rubuta masa a takardar wasa. Aikinsa duka rabon wannan dukiya ne. In ya ba biyar ɗin farko minti 34 kowanne, ya kashe 170, saura 30 da zai raba wa mutum biyu ko uku, ragowar kuwa su yini a zaune. In ya rage su zuwa 26, ya kashe 130, ya bar wa benci 70, abin da zai ishi mutum biyar su yi wasa na haƙiƙa. Duk wata gardama da ake yi kan karɓa-karɓa tsakanin waɗannan lissafai biyu take kai da komo.

Ga yadda abin ke faruwa a aikace. Dogon da ke tsare ƙarƙashin kwando ya yi keta ta biyu tun kwata ta farko ba ta ƙare ba. Koci ya waiga benci ya kira suna; wanda aka kira ya tuɓe rigar sama, ya je teburin masu rubuta maki ya sanar da kansa, ya zauna yana jiran ƙwallo ya mutu, sa'an nan alƙali ya yafito shi. Mai kallo yana ganin an cire gwani a banza, alhali koci yana lissafin cewa in dogon ya ƙara keta ɗaya kafin hutun rabin lokaci, to a kashi na biyu da tsoro zai yi tsaro, abokan karawa kuma za su yi ta afka masa da gangan don su ƙarasa shi. Amma wannan dabara ba ta da amfani sai in wanda aka shigar zai iya riƙe wurin minti bakwai ko takwas ba tare da an yi wa ƙungiya ɓarna ba, kuma ba zai iya ba sai in an saba sa shi tun cikin kaka.

Me ya sa na kan teburi ba shi ne zakara ba

Hujjar masu wannan tsari ita ce, teburi yana nuna wanda ya fi jimiri a kan kowa da kowa, amma ba ya nuna wanda zai rinjayi manya in an ware su su kaɗai. A NBA ƙungiyoyi 30 ne, kowacce tana yin wasa 82, sa'an nan 16 su shiga zagayen ƙarshe daga watan Afrilu zuwa Yuni, kowane mataki jerin karo 7. Ladan wanda ya fi matsayi a teburi shi ne a haɗa shi da mai rauni, kuma in jeri ya kai wasa na bakwai a yi shi a gidansa. Iyakar ladan ke nan. A 2016 Golden State ta ci wasa 73 cikin 82, abin da ba a taɓa yi ba, ta kuma kai ga tana gaban Cleveland da 3 da 1 a karon ƙarshe, amma Cleveland ta ci ukun da suka rage ta ɗauke kofi. A 1995 kuwa Houston ta Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ta shiga a matsayi na shida a yankinta, ta bi manya ɗaya bayan ɗaya ta kifar. A wannan shekara ce ma aka zaɓe shi gwanin watan Fabrairu alhali yana azumin Ramadan, abin da har yau ake kafa hujja da shi in ana maganar juriya.

Akwai masu ganin rashin adalci a cikin wannan, suna cewa wahalar wata shida ba ta kamata ta rushe saboda targaɗen mutum ɗaya a mako ɗaya ba. Maganarsu tana da ƙarfi, kuma ƙarfinta yana ƙaruwa gwargwadon gajartar zagayen. A ƙaddara ƙungiya ta fi abokiyar karawarta har tana cin ta sau 7 cikin kowane karo 10. In jerin wasa 7 za su yi, lissafi ya nuna za ta wuce kusan sau 87 cikin 100. In karo ɗaya ne, sau 70 ne kawai. In kuwa sai ta tsallake irin wannan karo sau uku a jere kafin ta ɗauki kofi, rabonta bai fi 34 cikin 100 ba, ko da yake ta fi kowace ɗaya daga cikin ukun. Saboda haka wanda ya ce ƙungiya kaza lalle ita za ta ci a gasar sili-ɗaya-ƙwale ya faɗi abin da ilmi bai ba shi ba.

Yadda tsarin yake a Nijeriya

Babbar gasar maza ta Nijeriya an saba raba ta shiyya biyu saboda nisan tafiya da tsadarta: shiyyar Sabana ta arewa, da shiyyar Atilantika ta kudu. A ta arewa ne aka san Kano Pillars da Gombe Bulls da Plateau Peaks da Niger Potters da Bauchi Nets da Kada Stars da Mark Mentors ta Abuja. Waɗanda suka fi ƙoƙari a kowace shiyya su ne ke haɗuwa a zagayen ƙungiyoyi takwas, galibi a gari ɗaya, a ɗakin wasa ɗaya, a gama komai cikin kamar mako guda.

A can baya Kano Pillars ta daɗe tana riƙe da ragamar wannan gasa. Ta ci kofi a 2013 da 2014, Mark Mentors ta karɓe a 2015, Pillars ta sake ƙwato shi a 2016, kuma a ƙarshen wannan shekara ta zo ta uku a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka da aka yi a Alƙahira. Sunan koci Sani Ahmed da na ɗan wasa Abubakar Usman sun haɗu da wannan zamani a bakin masu bin wasan. Sai ga fitinar 2017, sa'ad da aka yi zaɓe biyu na shugabancin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa, ɗaya a Kano ya fitar da Tijjani Umar, ɗaya a Abuja ya fitar da Musa Kida. Shekaru aka yi ana jayayya, kamfanonin da ke ɗaukar nauyin gasa suka ja da baya, kaka ta koma gajeren taro da ake kira in an sami hali. Illar ta kai ga ba wata ƙungiyar Nijeriya da ta shiga gasar ƙungiyoyin Afirka ta 2022, kuma a watan Mayu na shekarar gwamnatin marigayi Muhammadu Buhari ta janye ƙasar daga wasannin duniya. Ko da yake an soke janyewar bayan 'yan makonni, ƙungiyar mata ta riga ta rasa gurbinta na gasar duniya, aka ba Mali.

A cikin wannan tsakani abin da ake nema ma ya sauya. NBA da FIBA sun haɗu sun kafa gasar BAL ta ƙungiyoyi 12, aka fara ta a Kigali a 2021, Zamalek ta Masar ta ci. Monastir ta Tunisiya ta biyo a 2022, Al Ahly ta Masar a 2023, Petro ta Angola a 2024, Al Ahli ta Tarabulus a 2025. Daga Nijeriya, Rivers Hoopers ta Fatakwal ce ta fi wakiltar ƙasa, har ta zo ta uku a 2024 aka ba kocinta Ogoh Odaudu lambar gwanin masu horarwa. Kwara Falcons ta je a 2023. Watau kofin gida ya zama ƙofar wata gasa mai kuɗi da talabijin, kuma ƙungiyar da ta shiga sau ɗaya tana komowa da abin da za ta jawo gwanayen wasu da shi.

Saɓanin masana a kan karɓa-karɓa

Mazhaba ta farko tana cewa in an zo zagayen ƙarshe a taƙaita, a dogara ga mutum 7 ko 8, domin kowane minti da aka ba na tara an ƙwace shi ne daga wanda ya fi shi. Wannan shi ne ra'ayin da ya rinjaya a Amurka, kuma da dalili: a can ba a yin wasan zagayen ƙarshe kwana biyu a jere, akwai likitoci da masu tausa da jirgin sama na musamman, ga kuma dogayen hutun talla a cikin wasa. Mazhaba ta biyu tana cewa a faɗaɗa, a yi da mutum 10, a matsa wa abokan karawa tun daga bakin filinsu har su gaji. Akwai kuma ta uku wadda ta fi damuwa da kaka kanta, tana cewa a riƙa hutar da gwani wasu ranaku ɗungum don a same shi lafiya a ƙarshe. Toronto ta yi haka da Kawhi Leonard a kakar 2019, ya yi wasa 60 cikin 82, ta kuma ci kofi. Shugaban ƙungiyar a lokacin, Masai Ujiri, a Zariya ya tashi. Amma masu sayen tikiti sun yi ƙorafi, domin sun biya ne su ga gwani. Tun 2012 an ci San Antonio tarar dala 250,000 kan ta sallami manyan 'yan wasanta gida ranar wani babban wasa, kuma daga 2023 aka sa sharaɗin wasa 65 kafin a ba ɗan wasa manyan lambobin yabo.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi, kuma a nan ne masu kwaikwayon Amurka ido rufe suke kuskure, shi ne hukunci yana bin illarsa, watau dalilinsa. Illar taƙaitawa ita ce samun hutu tsakanin wasanni, to a inda babu hutun hukuncin ya faɗi. Ƙungiyar da ta kwana a hanya cikin bas daga Kano, ta sauka ta yi wasa huɗu ko biyar cikin kwana shida, a ɗakin da zafi ke dukan mutum, in ta ɗora wa mutum shida minti 35 kowace rana, za ta yi kyau ran farko da ta biyu, ran kusa da ƙarshe kuwa ƙafafu su mutu. Alamar mutuwar ƙafa a wannan wasa ba ta ɓuya: jifa daga nesa ya riƙa faɗuwa a gaban ƙarfen kwando, mai tsaro ya daina matsawa da ƙafa ya koma miƙa hannu, daga nan keta ta yawaita, kuma da zarar ƙungiya ta cika keta 4 a kwata ɗaya, kowace ta gaba jifa biyu ce kyauta ga abokan karawa. A ganina, ga tsarinmu, mazhaba ta biyu ta fi kusa da daidai, ta uku kuwa ba ta da mahalli, tun da kakarmu ba ta kai tsawon da za a hutar da kowa ba.

Sai dai faɗaɗawa ba umurni ba ne da koci zai bayar ranar wasa. Mutum na tara da na goma sai an biya su albashi wata da watanni, an ciyar da su, an ba su wasanni na gaske da za su yi kuskure a ciki su gyara. Galibin ƙungiyoyin arewa na gwamnatocin jihohi ne ko na hukumomi, kuɗinsu yana bin kasafi da sa hannun ofis, kuma ƙwallon ƙafa ne ɗan lele. In ba a san ranar fara gasa ba sai saura makonni, abin da ake yi shi ne a tattaro gwanaye biyar ko shida a cike sauran gurabe da yara. Ashe abin da ake zargin koci da shi na rashin amincewa da benci, sau da yawa larura ce aka ɗora masa.

Abin da za a duba kafin a yanke wa ƙungiya hukunci

Wanda ke son ya san ko Kano Pillars, ko Gombe Bulls, ko wata, za ta kai labari a shekarar da yake ciki, kada ya tsaya ga yawan makin da ta ci ƙananan shiyyarta da shi, domin fita daga shiyya ba shi ne wuyar aikin ba ga ƙungiya mai tarihi. Ya nemi takardar maki ta wasan da aka yi kankankan, ya dubi layin mintoci. In ya ga mutum takwas ko tara sun haura minti 12 a irin wannan wasa, to koci ya amince da su. Ya duba ko akwai mai rarraba ƙwallo na biyu, domin in na farko ya zauna aka rasa mai haye da ƙwallo tsakiyar fili, an gano lagon ƙungiya. Ya duba dogaye nawa ne, saboda su keta ta fi ci. Ya kuma dubi jifan kyauta, wanda shi ne ke raba gardama a minti biyun ƙarshe. Bayan wannan ya tambayi abin da ba a rubutawa a takarda: yaushe aka shiga sansani, an biya haƙƙoƙi ko ana bin bashi, kuma a wane gari za a yi zagayen, tun da mai masaukin baƙi yana kwana a gadonsa yana kuma da 'yan kallo.

Abin da zai iya biyowa baya

In gasar gida ta ci gaba da zama gajeren taro, rata za ta ƙara buɗewa tsakanin ƙungiya ɗaya ko biyu masu zuwa Afirka da sauran, domin dokar BAL ta yarda a ɗauko 'yan wasa daga waje, a kakar farko har mutum 4, biyu daga cikinsu daga wajen nahiyar, kuma mai kuɗi ne ke iya wannan. Haɗarin da ke ciki shi ne baƙin su cinye galibin minti 200, 'yan gida su koma masu tafi a benci, sai a sami sakamako mai kyau a talabijin ba tare da an ƙaru da komai a ƙasa ba. In kuwa aka sami kaka mai tsawo, gida da waje, da ranakun da aka sani tun farkon shekara, arewa tana da abin da za ta dogara gare shi, domin Zariya da Kano da Kaduna da Jos sun daɗe suna fitar da 'yan wasa, kuma filin Jami'ar Ahmadu Bello, inda koci Oliver Johnson ya shafe shekaru yana koyarwa, shaida ne a kan haka.

Ga ƙasar Daura kuwa, amfanin maganar ya fi kusa da makarantu. Wasan ba ya cin wuri, daɓen siminti da ƙarfe biyu masu tsawon mita 3.05 sun isa, ga manyan makarantu sun ƙaru a garin, daga kwalejin Yusuf Bala Usman zuwa kwalejin fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri. Gasar makarantun sakandare da masu yin Milo ke ɗaukar nauyi ita ma a 'yan kwanaki ake yin ta a gari ɗaya, don haka malamin wasanni da zai kai yara can yana fuskantar lissafin nan na minti 200 daidai da kocin Kano Pillars, kuma zai bukaci yara goma da suka saba shiga fili tun daga zangon karatu na farko.